A Duba Keke Kafin A Sayi Ma'auni

Wani malaminmu na Samaru, mai hawan keken dutse zuwa Kufena, ya tara albashinsa ya aika ƙasar waje aka sayo masa na'urar nan mai auna ƙarfin da ƙafa ke ba feda, irin wadda Bajamushe Ulrich Schoberer ya ƙago cikin 1986. Da ta iso ya kai wa masu gyaran keke a Sabon Gari. Suka juya, suka juya, ta ƙi zama, gama irin ta hannun feda ce, bakinta kuwa bai dace da sandar tsakiyar kekensa ba.

Mu dai a ganinmu, wanda bai san kekensa ciki da waje ba, gara ya nemi wadda aka gina cikin feda. Zaren feda kusan ɗaya ne a kekunan manya, inci 9/16, ko an sake keke sai a kwance a ɗaura. Amma fa ta dutse za a saya, mai kama takalmin SPD, don ta kan kwalta ba ta jure laka da karo da duwatsu. A kuma tambaya ko wayar mutum za ta karanta ta ta Bluetooth.

Malamin nan har yanzu yana ta rubuta wasiƙa a mayar masa da kuɗinsa.