Gemu Ba Ya Hana Ilmi

Tun kafin Nijeriya ta sami mulkin kai aka gane cewa jami'a ba ta samari kaɗai ba ce. A shekarar 1949, shekara guda bayan buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, aka kafa sashen ilmin manya, malamansa suna bin garuruwa suna ba ma'aikata darasi bayan an tashi daga aiki. Cikin shekarun 1970 Jami'ar Ikko ta soma koyarwa ta hanyar wasiƙa. A 1983 Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida, soja suka dakatar da ita a 1984, ba ta farfaɗo ba sai 2002.

To, yau jami'o'i da dama suna da sashen ƙaro ilmi, amma tambaya ita ce, wa ake yi wa? Akasari ma'aikacin gwamnati ne mai neman takardar ƙarin girma, jami'a kuwa tana kallonsa a matsayin hanyar samun kuɗin shiga. Ajujuwa suka cika maƙil, ingancin karatu ya ja baya, har a 2012 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta dakatar da irin wannan karatu na wani lokaci. Shi kuwa makanike da motocin zamani suka fi ƙarfin saninsa, da 'yar kasuwa mai son iya lissafin riba, da matar da aure ya yanke wa karatu, babu mai tunawa da su.

Ba sai an je nesa neman abin koyi ba. A Samaru ta Zariya, malaman gona na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna kai wa manoma sakamakon bincike ta rediyo da ƙasidu cikin harshen Hausa. Manomi bai nemi digiri ba, abin da zai ƙara masa amfanin gona ya nema, kuma ya samu.

Saboda haka kafin jami'a ta tsara sabon kwas, ya kamata ta zauna da ƙungiyoyin masu sana'a, da shugabannin kasuwa, da malaman tsangaya, da ƙungiyoyin mata, ta ji buƙatarsu daga bakinsu. Darasin ya zama gajere, cikin harshen da mutane ke ji, a lokacin da ba zai hana su neman abinci ba, da kuɗin da talaka zai iya biya. Wayar salula da ke aljihun mutane ta ɗauke wahalar da gidan waya ya sha a da.

Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi. Masu gemun suna nan a kasuwa da gareji da gona. Saura shugabannin jami'o'i su fita su same su.