KADA A KASHE FASAHAR 'YA'YAN TALAKAWA

Duk wanda ya bi hanyar Bebeji zuwa Tiga, ko ya tsaya a Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru, ya ga abin da za mu faɗa da idonsa. Yaro ɗan shekara takwas zai fere kara, ya nemo gwangwani da tsohon silifa, ya ƙera mota mai ƙafa huɗu, yana tura ta yana yi mata kukan inji da baki. A Tudun Wada yara na tare ruwa da laka, su ja 'yan magudanai kamar yadda suka ga iyayensu na yi a gonar shinkafa. A Doguwa 'yan mata na ƙaga waƙar gaɗa nan take a dandali. Ba malamin da ya koya musu. To, jama'a, ina wannan fasaha take shiga ran da aka kai yaro makaranta?

Mu fara da makarantar boko. Ɗaki cike maƙil, malami ɗaya. Ya rubuta a allo, yara su maimaita, gobe su sake maimaitawa. Wanda ya zana doki a bayan littafinsa ya sha bulala, wanda ya cika tambaya a ce ba shi da kunya. Sa'an nan da Turanci ake so ya yi tunani, harshen da ba ya ji a gida. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 kuma ta soke. Ba mu ga laifin malami ba. Mutumin da ba a ba shi ko isasshen alli ba, da me zai koyar da aikin hannu?

Makarantar allo kuwa, wadda waɗansu 'yan boko ke yi wa kallon raini, ta fi su sanin amfanin hannun yaro. Almajiri shi ke fiƙe alƙalaminsa na gamba, shi ke haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro. Kowa ya ga zayyanar allon sauka ya san akwai gwaninta a tsangaya. Amma gaskiya ɗaya ce, sai mu faɗe ta. Yaron da ya wuni da ƙoƙo a hannu yana neman abin da zai sa a ciki, ba shi da sauran hankalin ƙirƙira. A nan ma bulala ta yi yawa, lissafi da sana'a sun yi ƙaranci.

Alkawari kam mun sha shi. A 1976 aka kawo UPE. A 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato. A 2012 aka buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, can Sakkwato, aka gina irinta da yawa a Arewa. A 2019 aka ce ilimi kyauta ne kuma dole a Jihar Kano, a 2024 aka sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Kowace gwamnati ta zo sai ta ƙidaya azuzuwa da kujeru ta buga ganga. Wace ce ta taɓa tambayar abin da yaro ya iya yi da hannunsa bayan shekara shida a aji? Abin kunya ne, domin ko makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, zamanin mulkin mallaka, tana da sashen koyon sana'a.

A Kiru akwai makarantar gyaran hali inda ake koya wa samari sana'a bayan shaye-shaye ya kama su. Aikin kirki ne, mun yaba. Amma don me za a jira sai yaro ya lalace kafin a danƙa masa zarto da guduma? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, da zanen motoci ya tashi tun yana yaro, ya kai ga zana motar Chevrolet Volt a Amurka. Jelani nawa ne ke tura motar kara yau a Riruwai, ba wanda ya waiwaye su?

Ga abin da muke nema, kuma ba ya cin kuɗin ginin bene ko ɗaya. Na farko, a ware lokacin aikin hannu kowane mako a makarantun boko da na allo da na Islamiyya. Na biyu, a gayyato maƙeri da maginin tukwane da ɗinkin hula da bakaniken gari su koyar, a biya su haƙƙinsu. Na uku, a ciyar da almajiri a tsangayarsa, a ƙara masa lissafi da rubutun boko, ba tare da an taɓa karatunsa na Alƙur'ani ba. Na huɗu, a rataye bulala, a bar yaro ya yi tambaya da Hausa a ba shi amsa da Hausa. Na biyar, kowace shekara ƙananan hukumomin nan huɗu su yi bikin nunin abin da yara suka ƙera, ɗan boko da almajiri a rumfa ɗaya.

Iyaye kuma, a daina tattake motar kara ana cewa shiririta ce. Masu mulki suna da inda suke kai nasu 'ya'yan. Ɗan talaka ba shi da jari sai ƙwaƙwalwarsa da hannunsa, in aka kashe masa su, me ya rage masa? In masu neman ƙuri'a sun zo, mu tambaye su wannan kafin mu karɓi gishiri da atamfa. Allah ya raya mana zuriya, amin.