Mick Lynch ya sauka: me ya bar wa ma'aikatan jirgin ƙasa na Birtaniya?

A watan Janairun 2025 ne Mick Lynch ya sanar cewa zai ajiye shugabancin RMT, ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan sufuri ta Birtaniya, wadda ma'aikatan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan ma suke ciki. Mataimakinsa Eddie Dempsey ne ya gaje shi.

Lynch ɗan talakawa ne. An haife shi a Landan a 1962, iyayensa 'yan ƙasar Ireland. Yana da shekara 16 ya bar makaranta ya koyi aikin lantarki. Da ya shiga harkar ƙwadago, sai kamfanonin gine-gine suka saka sunansa cikin jerin sirri na waɗanda ba za a ƙara ɗauka aiki ba. Wannan ne ya kai shi kamfanin jirgin ƙasa na Eurostar a 1993, inda ya yi ta hawa har aka zaɓe shi babban sakataren RMT a 2021.

Duniya ta san shi ne a watan Yunin 2022, lokacin da ma'aikata kusan 40,000 suka tafi yajin aikin da ba a ga irinsa ba a layin dogon ƙasar cikin shekara 30. Tsadar rayuwa ta yi tsanani, har hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin ɗari a watan Oktoba. 'Yan jarida sun yi ta ƙoƙarin tunzura shi a talabijin, shi kuwa ko a jikinsa.

To, me aka samu? In za mu faɗi gaskiya, ta fuskar albashi abin bai taka kara ya karya ba. Ma'aikatan Network Rail sun amince da ƙarin kashi 9 cikin ɗari na shekara biyu a watan Maris 2023, wanda bai kamo tsadar kaya ba. Ga kuma kuɗin ranakun yajin da suka yi asara. Gwamnati ma ta yi dokar tilasta gudanar da wani kaso na aiki ko ana yaji.

A ganinmu, babbar nasararsa tana wani wuri. A Yulin 2023 aka fito da shirin rufe kusan duk ofisoshin sayar da tikiti a tashoshin Ingila, wajen 1,000, wai kowa ya saya ta waya ko na'ura. Nan RMT ta haɗa kai da ƙungiyoyin makafi, guragu da tsofaffi, mutanen da idan babu ma'aikaci a tasha, tafiyar ma ta gagare su. Ra'ayoyi kusan 750,000 aka aika, kuma ranar 31 ga Oktoba gwamnati ta janye shirin. Yajin sufuri kan fara cutar da fasinja ne kafin ya taɓa mai kamfani: lebura, ɗalibi, mara lafiya mai zuwa asibiti. A batun tikiti kuwa, ma'aikaci da fasinja bakinsu ya zo ɗaya, gwamnati ta rasa wanda za ta zuga a kan wani.

Ko magajinsa zai iya samun irin wannan haɗin kai? A Satumban 2025 RMT ta tsayar da jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan na kwanaki, tana neman a rage awannin aiki daga 35 a mako. Mutanen gari suka koma bas, keke da tafiyar ƙasa.