Hausar da ke Ƙarƙashin Takardar Binciken Jinya

Maudu'inmu na wannan mako ya ɗan fita daga harkar labari da waƙa, amma da alƙalaminmu yake magana.

A yankinmu na Makarfi, Ikara da Kudan, kusan kowa ya taɓa ganin ɗalibin aikin lafiya riƙe da takardar tambayoyi yana bin gida-gida. Wasu daga kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi suke, wasu daga sashen nazarin jinya na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Burin da yawansu shi ne aikin ya fito a mujallar jinya, irin West African Journal of Nursing. Za su kwana suna gyaran Turanci, suna jera gabatarwa, hanyar bincike, sakamako da tattaunawa yadda editoci ke so. Mu dai a ganinmu, inda aka fi yin sakaci shi ne Hausar da aka yi tambayar da ita, kuma nan ne marubucin Hausa yake da aiki.

Ai matar da aka tarar a asibitin Gazara ko Hunkuyi ba da Turanci ta amsa ba. An rubuta tambaya da Turanci, mai tambaya ya juya ta da ka nan take, ta amsa, ya sake juyawa ya cike gurbi. Idan mutum biyar suka fita tambaya, kowa da fassararsa, to tambaya biyar aka yi, aka tara amsoshin a jadawali ɗaya.

Duba kalmar "sanyi". A bakin wata mura ce, a bakin wata ciwon gaɓoɓi, a bakin wata kuma ciwon mara da take jin nauyin ambata. "Zazzaɓi" kan iya zama na cizon sauro, kan iya zama kowane zafin jiki. "Shawara" da "basir" kowannensu ya fi faɗin abin da littafin likita ke nufi. Ka tambayi mace 'ya'yanta nawa: wata za ta tsallake ɗan fari saboda kunya, wata ba za ta lissafa waɗanda suka rasu ba. "Haihuwa nawa kika yi?" da "Yara nawa gare ki?" tambayoyi biyu ne daban. Wanda bai san wannan ba zai kai wa mujalla alƙaluma masu kyan gani, alhali tun ran gini aka yi kuskuren zane.

Masana sun daɗe da fitar da hanyar magance haka. Tun 1970 Richard Brislin ya yi bayanin fassara da mayarwa: mutum ɗaya ya juya tambayoyin zuwa Hausa, wani daban da bai ga na asali ba ya mayar da su Turanci, sannan a gwama a ga inda ma'ana ta zame. Bayan nan a gwada su a kan mutane kaɗan kafin a fita filin aiki. Masu tantance takardu kan tambayi yadda aka yi wannan, kuma a sashen hanyar bincike ake sa ran ganin amsar.

Akwai takardar da ta fi wannan nauyi, wato ta neman yardar wanda za a yi binciken a kansa. Sanarwar Helsinki ta 1964 ta ɗora wa mai bincike wajibcin samun yardar mutum bayan an yi masa bayani. Mu 'yan Arewa mun ga abin da ke biyo baya idan aka yi jayayya a kan wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a kan yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano. Zargin da abin ya bari yana cikin dalilan da aka riƙa kawowa lokacin ƙin rigakafin shan inna a 2003. Saboda haka takardar yarda da Hausar da tsohuwa za ta gane, ta san tana da ikon cewa a'a, amana ce.

Wani zai ce edita ba ya jin Hausa, me ya dame shi? Gaskiya ne ba zai karanta ba. Amma da sakamakon za a tsara yadda ake kula da masu juna biyu da jarirai, kuma idan ya karkace, a jikin mutanenmu zai bayyana.

To me ya rage mana? Mu kusanci ɗalibai da ma'aikatan jinya na garuruwanmu tun kafin su buga takardar tambayoyi. Mu zauna da ungozoma da tsofaffin mata mu tattara sunayen cututtuka yadda ake faɗarsu a nan, domin Hausar Zazzau ba kullum take daidai da ta Sakkwato ba. Mu kiyaye ƙa'idar rubutu, kada ƙ, ɗ da ɓ su ɓace. Mu riƙe sirrin abin da muka gani. Kuma mu nemi a sa sunanmu a sashen godiya, domin ƙa'idar mujallun lafiya ta tanadi wannan gurbi ga wanda ya taimaka bai kai matsayin marubucin takardar ba.

Idan takardar ta fito, mu roƙi mai ita ya bar mu mu taƙaita sakamakon a shafi ɗaya na Hausa, a karanta wa waɗanda suka ba da lokacinsu suka amsa tambayoyin. Wa zai fara kawo mana kalmomi goma na cututtuka daga garinsu kafin mako mai zuwa?

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka.