Wasiƙa Zuwa ga Kanikawan Tumfure a Kan Tsofaffin Motoci

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga manyan gareji da yaransu, da masu walda da masu fenti da ke bakin hanyar Bauchi, ina shaida cewa ba don ku ba da rabin motocin da ke shiga Gombe sun kwana a daji, kuma duk wanda ya taɓa ganin ɗayanku kwance ƙarƙashin mota cikin zafin watan azumi ya san halaliyarku kuke ci. Allah ya saka da alheri.

Amma ba'adu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata ɗabi'a ce da ta yaɗu a tsakaninku har ta daina ba kowa kunya, wato in tsohuwar mota ta faɗo hannunku, Fijo 404 ce ko Landiroba ko Marsandin da wani dattijo ya rasu ya bari, sai ku cire mata injinta na asali ku ɗora na Beljiyam, ku kankare fentin kamfani ku shafe ta da fila, ku bar takardunta gara ta ci, sa'an nan in ta ƙi tafiya yadda kuke so ku kira 'yan gwangwan su daddatsa ta a auna a sikeli. Na tsaya a wani gareji na ga ana yi wa wata 404 haka, alhali shasinta ko tsatsa bai huda ba, kuma yaron da ke riƙe da wutar walda bai san kakansa ya yi burin hawa irinta ba.

Ku duba al'amarin Ford Model T, motar yawon nan mai rumfar tamfol da ƙafafu masu sandunan katako, wadda ake tayarwa da hannu daga gaba. An fara ƙera ta a Amurka a 1908, aka daina a 1927, bayan an fitar da fiye da miliyan 15, kuma saboda rashin nauyinta ta iya hanyoyin ƙasa na Afirka ta Yamma tun zamanin Turawan mulki. Da yake ta yi yawa haka, ba a ɗauke ta abin adanawa ba a lokacinta, aka yi ta watsar da ita kamar yadda kuke watsar da Fijo 504 a yau. Amma waɗanda suka tsira da injinsu da fitilunsu na tagulla, su ne yanzu ake kai wa gidajen tarihi ana gadonsu. A Ingila kowane watan Nuwamba ana jerin gwanon tsofaffin motoci daga Landan zuwa Brighton, tafiyar mil 60 ko kusa da haka, kuma ba a karɓar mota sai an tabbatar an ƙera ta kafin 1905. A 2011 an sayar da wata motar tururi ta Faransa, ƙirar De Dion ta 1884, a kan fiye da dala miliyan 4 da rabi, motar da in an kai ta sikelin 'yan gwangwan ba za ta sayi babur ba.

To me masu sayen nan suke biya? Asali suke biya, da hujjar asalin. Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta, wane daga wane, in silsilar ta yanke darajar ta faɗi. Haka masanin tsohuwar mota yake fara duba lambar inji da lambar shasi ya gwada su da takardun kamfani, ya tambayi wa ya fara sayenta, wa ya gaje ta, wa ya taɓa buɗe injin. Ranar da ka jefar da injin asali, ɗana, ka yanke isnadin, kuma babu walda da za ta haɗa shi. Har ma a 2024, a gasar tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Amurka, motar da ta zo ta ɗaya Bugatti ce ta 1934 wadda aka bar ta da tsufanta, ba a sabunta mata jiki ba. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na Ikko da hudojin harsashinta. Da ta biyo ta hannun wasunku, wallahi da an cike su da fila an fesa fenti.

Ku gafarce ni in harshena ya yi kaifi. Na san mai mota ne yakan matsa, na san kayan gyaran 404 sun yi wuya, na kuma san ɗan gwangwan kuɗi hannu yake biya. Sai dai magabatanku, waɗanda suka koyi aiki a garejin En'e da na ma'aikatar ayyuka tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gombe, ba su san wannan gaggawar ba. Mutum ya kwance kafireto ya jera ƙananan kayansa a kan tsumma, ya wanke ya mayar; in wani ƙarfe ya ƙare ya kai wa mai injin sassaƙa a fitar masa da irinsa; in dole ta sa ya canja wani abu, sai ya ƙulle tsohon a buhu ya miƙa wa mai mota, domin a wurinsu amana ce. Yau yaro yakan shekara a gareji bai taɓa ganin cikin inji ba, iyakarsa cire wannan ɗora wancan, kuma a kira shi bakanike.

Motocin da masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara haɗawa a 1975 sun kai shekara 50, su ne kuma suka yi jigilar alhazai da amare da malaman makaranta tsakanin Gombe da Jos da Yola. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In irinsu ta zo muku, ku rubuta lambobinta a littafi, ku ajiye duk abin da kuka cire, kada ku taɓa fentin sai da larura, kuma kafin a kira mai sikeli ku aika wa magada su san abin da ke hannunsu, domin sau da yawa ba su sani ba, ku kuwa kun sani.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya tsare hannuwanku. Wassalam.