Kafin Asibitin Unguwa Ya Fara Duban Huhu

Ciwon daji na huhu ba ya cika nuna kansa sai ya yi nisa. Shi ya sa ƙananan asibitoci a Amurka suke ɗokin duba mashaya taba da na'urar CT, wadda ke ɗaukar hoton huhu dalla-dalla, don a kama ciwon tun yana ƙarami.

Lalle suna da hujja. A 1 gwaji da aka bayyana a 2011, na mutum fiye da 53,000, masu shan taba da waɗanda suka bari, na'urar nan ta rage mutuwa ta wannan ciwo da kashi 20 cikin ɗari bisa ga hoton ƙirji na kullum. Amma fa cikin hotuna ɗari da suka nuna tabo, fiye da 90 ba daji ba ne. To, wa zai zauna da mai tabon nan ya kwantar masa da hankali? Wa zai tuna ya sake kiransa bayan 'yan watanni? Ni dai a ganina, asibitin da bai tanadi nas mai riƙe da littafin sunayen nan ba, da mai taimakon mutane su bar taba, kada ya fara kiran jama'a tukuna.