Giyar da ta shekara biyu a gangar katako

Tun farko, 'yan uwana Musulmi, na san giya haramun ce a wurinku, kuma ba tallarta na zo yi ba. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, domin maganar ta shafi yaranmu duka.

Ofis ya tura ni kwas ƙasar Beljiyam. Ranar Asabar wani abokin karatu ya ja ni garin Roeselare, inda kamfanin Rodenbach yake tun 1821. Aka miƙo min giya a kofin gilashi, ja mai duhu kamar zoɓon da ya ji wuta. Kurɓar farko fuskata ta yamutse. Tsami! Na ce a raina wannan ai ta lalace. Kurɓa ta biyu sai na ji ɗan zaƙi kamar na 'ya'yan itace, da ƙamshin katako a bayansa. A ta uku kuwa, kakata na tuna, can kudancin Kaduna, tana juya burkutu a tukunya.

Ashe tsamin da gangan ne. Suna zuba giyar a manyan gangunan katako da suka fi mutum tsayi nesa, ta zauna har shekara biyu. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne ke kawo tsamin, dangin waɗanda ke tsamar da nono da ƙullun koko, kuma su ne dai ke tsamar da burkutu. Daga nan a gauraya tsohuwa da sabuwa. Wadda na sha, Grand Cru, kashi biyu cikin uku tsohuwa ce, ƙarfinta kashi 6 cikin ɗari, ga shi nan a jikin kwalba.

Abin da ya tsaya min a rai ke nan: mai sha ya san abin da yake zubawa a cikinsa, ya san wanda ya yi, kuma akwai hukumar da ke sa ido. A 2016 UNESCO ta sanya al'adar giyar Beljiyam cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Mu fa? Mun raina sana'ar kakanninmu, muka tura ta lungu ba mai dubawa. Mai dafa burkutu ba wanda ya koya mata awo ko ya duba ruwan da take aiki da shi. Can gefe kuma barasar leda ta cika tasha, mai ƙarfin gaske, kuɗinta bai kai na biredi ba, ɗan sakandare na saka ta a aljihu. Ita ce NAFDAC ta fara aiwatar da haramcinta a 2024. A 2015 mutane da dama sun mutu a Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai guba.

Ra'ayina: inda doka ta hana giya, a mutunta dokar. Inda ba ta hana ba, gwamnati ta daina yin kamar ba ta gani. A yi wa masu dafawa rajista, a koya musu tsafta, a hana sayar wa yara, a kawar da ta leda gaba ɗaya. Kawar da kai bai taɓa hana kowa sha ba, sai dai ya bar talaka da mafi muni.

Kofi ɗaya na sha ranar, ban ƙara ba. Amma tunanin kakata ya biyo ni har gida.